Jinsi, Launin Fata da Tushen Ɗabi'a: Bayani Ga Ɗalibai da Limamai

 

Tambayoyi uku sun yawaita a bakin matasan Zongo, daga Aboabo da Asawase har Tafo da Moshie Zongo. Ta farko a kan sababbin laƙubban jinsi da ake jerawa da haruffa. Ta biyu a kan launin fata da asali, da zargin cewa addini ya ɗaure wa bautar da baƙar fata gindi. Ta uku ita ce: shin mutum zai iya zama nagari ba tare da addini ba? Gardamar a Turai da Amurka ta taso, da Turanci kuma ake yin ta, amma ta iso majalisar dokokin Ghana da kotun ƙoli, ta kuma shigo wayar da ke hannun 'ya'yanmu. Idan malami ya amsa da tsawa kawai, yaro zai yi shiru a gabansa ya je ya nemi amsa a wani wuri. Manufar wannan rubutu ita ce a fayyace ma'anar kalmomin, a faɗi inda suka samo asali, sannan a kawo abin da fikihu ya ce da abin da dokar ƙasa ta ce.

Ma'auni biyu

Duk wanda ya karanci tauhidi a makarantar zaure ya san cewa malamai sun kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada da na hankali. Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, da bayanin hukuncin hankali ya buɗe littafinsa Ummul Barahin. Hukuncin shari'a daga wahayi ake samunsa, kamar wajibcin salla. Hukuncin al'ada daga gwaji da maimaituwa ake samunsa, kamar sanin cewa magani kaza yana sauke zazzaɓi, kuma nan ne fagen likitoci da masana kimiyya. Hukuncin hankali shi ne wanda ba ya buƙatar gwaji, kamar sanin cewa ɗaya rabin biyu ne. Yawancin rikicin da ake yi a waɗannan mas'aloli daga cakuɗa ukun nan yake tasowa: likita ya tsoma baki a halal da haram, ko malami ya yanke hukunci a kan abin da sai gwajin jini ke nunawa.

Ma'auni na biyu shi ne bambanci tsakanin halitta da aiki. Abin da aka halicci mutum da shi, kamar launinsa da ƙabilar iyayensa da siffar jikinsa, babu lada babu zunubi a kansa. Abin da ya zaɓa ya aikata shi ake tambayarsa. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyu, domin da su za a auna duk abin da zai biyo baya.

KASHI NA FARKO: JINSI

Asalin kalmar jenda

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, wato jinsi. Masu Turanci sun raba ta biyu: ɗaya tana nufin jikin da aka haifi mutum da shi, ɗayar kuma, wato jenda, tana nufin matsayin da al'umma ta ba shi da yadda shi kansa yake jin kansa. Wannan rabuwa ba ta daɗe ba. John Money, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, shi ya fara amfani da kalmar a wannan ma'ana a 1955, yana nazarin yaran da aka haifa mata-maza. Robert Stoller ya faɗaɗa ta a shekarun 1960. A 1990 Judith Butler ta wallafa littafin da ya yaɗa ra'ayin cewa zama namiji ko mace abu ne da maimaita aiki da al'ada ke ginawa. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Facebook ya ba masu amfani da shi a Amurka zaɓin laƙabi sama da 50.

Ra'ayin Money cewa tarbiyya za ta iya rinjayar halitta ya sha kaye a kan wani yaro ɗan Kanada, David Reimer. An lalata masa gaba wajen kaciya, aka rene shi a matsayin mace bisa shawarar Money, amma da ya tasa ya ƙi, ya koma namiji, ya kuma kashe kansa a 2004. Har yau Turawan ba su daidaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire rashin jituwa da jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilun 2025 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace.

Jerin haruffan LGBTQI ya tattara abubuwa daban-daban a jaka ɗaya. L da G da B suna magana a kan sha'awa: maɗigo, luwaɗi, da sha'awar ɓangarori biyu. T tana magana a kan wanda jikinsa cikakke ne amma yana ganin kansa ɗan wani jinsi ne. Q laƙabi ne na gama-gari ga masu ƙin a iyakance su. I kuwa halitta ce ta jiki, wato mata-maza. Fikihu ya ba kowanne hukuncinsa daban.

Mata-maza

Mata-maza, wanda fikihu ke kira khunsa, shi ne wanda aka haifa da gaban namiji da na mace, ko da gaban da bai bayyana ba. Wannan halitta ce, babu laifi a kansa ko a kan uwarsa. Malaman fikihu sun yi ƙarnoni suna rubutu a kansa, har Mukhtasar na Shaihu Khalil, babban littafin fatawa a mazhabar Malikiyya, da mas'alar gadonsa ya rufe. Sun kasa shi biyu. Akwai wanda alamu suka bayyana jinsinsa: ta inda fitsari ke fita, wanne ya riga ko ya fi yawa, fitowar gemu ko nono, haila ko maniyyi. Wannan ana ba shi hukuncin jinsin da ya rinjaya. Akwai kuma mushkil, wanda alamu suka yi kunnen doki. Shi yana tsayawa tsakanin sahun maza da na mata, ba ya yi wa maza limanci, kuma a Malikiyya ba a ɗaura masa aure muddin lamarin bai warware ba.

Ga misalin gadonsa. Mutum ya rasu ya bar sidi 12,000 da 'ya'ya biyu, namiji da mata-maza mushkil. Da namiji ne da ya sami 6,000, da mace ce da ta sami 4,000. Malikiyya suna ba shi rabin wannan da rabin wancan, wato 5,000, ɗan'uwansa ya ɗauki 7,000. Hanafiyya suna ba shi mafi ƙaranci, wato 4,000. Shafi'iyya suna ba shi 4,000, su ba ɗan'uwansa 6,000, a ajiye 2,000 har lamarin ya bayyana ko su yi sulhu. Babu mazhabar da ta hana shi gado.

Alamun da magabata suka dogara da su hukuncin al'ada ne, iyakar abin da likitancin zamaninsu ya kai. Yau ana gwada ƙwayoyin halitta a ga XX ko XY, a auna sinadaran homon, a ɗauki hoton ciki a duba ko akwai mahaifa. Saboda haka mushkil na haƙiƙa ya yi ƙaranci ƙwarai. Akwai abin da ya kamata kowace ungozoma da kowane uba su sani. Sababin da ya fi yawa a jarirai mata da ake haifa da gaba mai kama da na namiji shi ne ciwon wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda. Wani nau'insa yana zubar da gishirin jiki, jariri ya riƙa amai yana ƙin nono a mako na biyu ko na uku, kuma yana iya rasuwa in ba a ba shi magani ba. Ɓoye irin wannan jariri a ɗaki saboda kunya sakaci ne da rai. A garzaya da shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee. Kada ranar suna ta sa a yi gaggawar yanke hukunci, domin suna ana iya canza shi, Annabi (SAW) da kansa ya canza wa sahabbai da dama suna.

Ɗan daudu

Mukhannas a Larabci, ɗan daudu a Hausa, Kojo Besia a bakin maƙwabtanmu, shi ne namijin da magana da tafiya da ɗabi'unsa suka yi kama da na mata. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kasa shi biyu a sharhinsa na Sahihu Muslim: wanda haka aka halicce shi, babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa da gangan, kuma shi ne hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya tsine wa, tare da macen da ke kwaikwayon maza. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mukhannas yana shiga gidan Ummu Salama (RA), sai da Annabi (SAW) ya ji yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa ga wani namiji, sannan ya hana shi shiga wurin mata. Abu Dawud ya ruwaito cewa an kawo wani da ya yi lalle a hannu da ƙafa, aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi Annabi ya hana saboda yana salla.

Luwaɗi da maɗigo haramun ne a dukkan mazhabobi, ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana cikin Suratul A'araf daga aya ta 80 zuwa 84. Amma jin sha'awa a zuci dabam yake da aikatawa. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya nuna an yafe wa wannan al'umma abin da zuciya ta raya muddin ba a aikata ko an furta ba. Wanda aka jarrabe shi da haka ya kame kansa yana da ladan mai haƙuri, kuma sahun masallaci haƙƙinsa ne.

Sauya jinsi

Majalisar fikihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 11 a Makka cikin Fabrairun 1989, ta yanke cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika na namiji ko na mace bai halatta a mayar da shi ɗaya jinsin ba, domin canza halitta ne da Suratun Nisa'i aya ta 119 ta yi gargaɗi a kai. Ta kuma halatta wa mata-maza magani da tiyata don bayyana jinsin da ya rinjaya. Iran ta bi wata hanya, bisa fatawar Khumaini ta shekarun 1980, amma jumhurin malaman Sunna ba su karɓe ta ba. Wanda ke fama da ƙuncin rashin jituwa da jikinsa yana cikin wahala ta gaske, yana buƙatar malami mai riƙe sirri da likita mai amana.

Dokar Ghana

Sashe na 104 na dokar laifuka ta 1960 ya haramta saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, da ɗaurin da zai iya kai shekara 3, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da shi a Yulin 2024. A Fabrairun 2021 'yan sanda suka rufe wata cibiya da masu fafutukar LGBT suka buɗe a Accra. A wannan shekara 'yan majalisa 8, ƙarƙashin Sam Nartey George na Ningo-Prampram, suka gabatar da ƙudurin kare ɗabi'un iyali. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da manyan majalisun coci sun goyi baya, wasu lauyoyi da malaman jami'a sun ce ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Majalisa ta amince da shi ranar 28 ga Fabrairu, 2024, da ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya bayyana kansa da laƙabin, da shekara 3 zuwa 5 ga mai yaɗawa ko ɗaukar nauyi. Ma'aikatar kuɗi ta yi gargaɗin asarar dala biliyan 3.8 daga Bankin Duniya. Shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba. Kotun ƙoli ta kori ƙararrakin da aka shigar ranar 18 ga Disamba, 2024, amma ƙudurin ya faɗi da ƙarewar wa'adin majalisar a Janairun 2025, daga baya wasu 'yan majalisa suka sake gabatar da shi.

Ɗalibin ilimi ya lura da abu biyu. Fikihu yana hukunta aikin da ya tabbata a gaban alƙali da shaidu ko iƙirari, kuma hukuma ce kaɗai ke zartarwa. Taron samari da ke dukan mutum a lungu saboda zato zalunci suke yi, ko da sunan addini suka fito. Sannan a Malikiyya jifan mutum da luwaɗi ba tare da shaida ba ƙazafi ne mai haddin bulala 80. Mai ɗora hoton wani a TikTok da wannan zargi ya san matsayinsa. Suratul Hujurat aya ta 11 da 12 ta hana jifa da miyagun laƙubba da mummunan zato da binciken asirin mutane.

KASHI NA BIYU: LAUNIN FATA DA ASALI

Suratur Rum aya ta 22 ta ƙidaya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Suratul Hujurat aya ta 13 ta nuna an yi dangogi da ƙabilu ne don a san juna, fifiko kuma yana ga taƙawa. Da Abu Zarri (RA) ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya shaida masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Wannan shi ne nassi.

Tarihin Musulmi kuwa bai kai nassin ba a wurare da yawa. Tatsuniyar cewa baƙar fata tsinuwa ce da ta sami Hamu ɗan Annabi Nuhu ta shiga wasu littattafai, ba ta kuma da tushe a Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙaryata ta, ya danganta launi ga yanayin ƙasa. Jahiz da Ibnul Jauzi da Suyuɗi kowanne ya rubuta littafi a kan falalar baƙaƙe da Habashawa, kuma buƙatar rubuta su shaida ce cewa raini ya wanzu. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat a littafinsa Mi'irajus Su'ud, ya ce launi ba dalilin bauta ba ne, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno da Songhai a matsayin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Bai soke bauta gaba ɗaya ba, amma ya raba ta da launi.

A ƙasar nan kowane ɓangare yana da nasa tabon. A sansanin Cape Coast ɗakin ibadar Turawa a saman kurkukun bayi yake. Kasuwar Salaga ta Musulmi ta sayar da bayi tare da goro, mayaƙan Babatu kuma sun kwashi mutanen ƙasar Gurunshi a ƙarshen ƙarni na 19. Kalmar odonko a harshen Twi daga wannan ciniki ta samu. Wanda ya musanta wannan don kare addini ya raunana hujjarsa a gaban yaron da ya karanta tarihi.

Rarraba 'yan Adam zuwa manyan jinsuna masu daraja hawa-hawa aikin masanan Turai ne na ƙarni na 18. Linnaeus ya kasa su huɗu a 1735, Blumenbach ya kasa su biyar. A kan wannan tunani aka gina mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994. Kimiyyar baya ta rushe shi. Richard Lewontin ya nuna a 1972 cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin halitta a cikin al'umma ɗaya yake, aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka kammala a 2003 kuma ya nuna kowane mutum biyu sun yi tarayya a kusan kashi 99.9. Kwame Anthony Appiah, ɗan Joe Appiah, wanda ya tashi a nan Kumasi, ya kare wannan matsaya a littafinsa na 1992: launi gaskiya ne, wariya gaskiya ce, amma jinsunan da aka zana ƙirƙira ce.

Mutanen Zongo sun san ɗacin a tambayi mutum asalinsa. Musulmi suna Kumasi tun kafin Bowdich ya ziyarci fadar Osei Bonsu a 1817 ya tarar da su, Zongo kuma ya bunƙasa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawa a 1896. Duk da haka, ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, aka raba iyalai da gidajen da aka haife su a ciki. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Sashe na 17 na kundin 1992 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, launi, ƙabila ko addini.

Wanda aka yi wa wannan bai kamata ya yi wa wani ba. Mashhurin mazhabar Maliku shi ne dacewa a aure tana ga addini da kuɓuta daga aibi, nasaba ba sharaɗi ba ce. Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, ya auri Zainab 'yar Jahshi, Usama ɗansa ya auri Faɗima 'yar Ƙaisu Baƙuraishiya. Uban da ya hana 'yarsa saurayi mai addini don Bamoshe ne ko Bafillace ko sabon musulunta daga Asante, al'adarsa ya bi. Haka nan shafa man bilicin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana nau'insa mai sinadarin haidirokwinon a 2016, raina halittar Allah ne da cutar da fata.

KASHI NA UKU: ƊABI'A BA TARE DA ADDINI BA

Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista kashi 71.3, Musulmi kashi 19.9, marasa addini kashi 1.1. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2014, kashi 99 na 'yan Ghana sun ce sai da imani da Allah mutum ke zama nagari. Duk da haka akwai ƙungiyar masu ra'ayin ɗan'adamtaka ba addini da aka kafa a Ghana a 2012. Manyan masana falsafar ƙasar nan biyu, Kwasi Wiredu, haifaffen Kumasi da ya rasu a 2022, da Kwame Gyekye da ya rasu a 2019, sun tafi a kan cewa ɗabi'un Akan sun ginu ne a kan maslahar jama'a fiye da umarnin abin bauta.

Tambayar ta kasu uku, kowacce da amsarta.

Shin marar addini yana iya gaskiya da riƙon amana da tausayi? Yana iyawa, nassi ma ya tabbatar. Annabi (SAW) ya halarci ƙawancen Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'an kafin annabta, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin taimakon wanda aka zalunta, bayan annabta kuma ya yabe shi. Ya shaida wa Hakim ɗan Hizam cewa ya musulunta tare da alherin da ya gabatar a jahiliyya. Suratush Shams aya ta 7 da 8 ta nuna an kimsa wa kowane rai sanin ɓarna da taƙawa. Wannan ita ce fiɗira.

Shin hankali kaɗai yana gane kyau da muni? Nan malaman kalam suka saɓa. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar da ya rasu a 1025, sun ce yana ganewa, kuma mutum abin kamawa ne a kai tun kafin manzo ya zo. Ash'arawa sun ce kyau da muni a ma'anar lada da uƙuba daga shari'a kaɗai ake sanin su, ko da hankali yana gane abin da ya dace da ɗabi'a da abin da yake kamala ko tawaya. Maturidawa sun ce hankali yana riskar kyawun wasu abubuwa, amma mai hukunci Allah ne. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ce kyau da muni siffofi ne na gaske da hankali ke iya gani, sai dai babu azaba sai bayan aiko manzo, bisa Suratul Isra'i aya ta 15. Tambayar da Aflaɗun ya yi a Girka, ko abu yana da kyau don an yi umarni da shi ko an yi umarni da shi don yana da kyau, ita ce dai malamanmu suka tattauna.

Shin hankali ya isa ya zama tushe? Nan ne muke rabuwa da su. David Hume, wanda ya rasu a 1776, kuma ba mai kare addini ba ne, ya nuna cewa daga bayanin yadda abu yake ba a iya fitar da yadda ya wajaba ya kasance. Kant ya gina ɗabi'a a kan wajibin da hankali ke ɗorawa, Bentham da Mill suka gina ta a kan yawan amfani, hanyoyin biyu kuma suna ba da amsoshi masu karo da juna. Masana ne da alƙalai suka halatta hana masu rauni haihuwa da tilas a Amurka, kotun ƙolinsu ta amince a 1927, aka yi wa mutum sama da 60,000. In aka ce masu addini ma sun yi zalunci, gaskiya ne, an ambaci Salaga a sama. Bambancin shi ne Ahmad Baba ya sami nassi tabbatacce da ya tsayar a gaban 'yan kasuwar zamaninsa, nassin da rinjayen ra'ayi ba ya gogewa. Wahayi yana ƙara abu uku a kan fiɗira: ma'auni da ba ya bin son zuciya, bayanin wuraren da hankula suka saɓa kamar riba da giya da iyakokin aure, da sanin hisabi a inda babu ɗan sanda. Batun karɓuwar aiki a Lahira kuma yana rataye da imani, kamar yadda amsar da aka ba Nana A'isha (RA) game da ɗan Jud'an ta nuna a Sahihu Muslim.

Wannan saɓani bai hana zama tare ba. Gazali da Shaɗibi sun bayyana cewa kare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya abu ne da shari'o'i suka haɗu a kai. A kan huɗu daga cikinsu za mu iya aiki da Kirista da mai addinin gargajiya da marar addini, a yaƙi da ƙwaya da cin hanci da ƙazantar unguwa. Sashe na 21 na kundin ƙasa, da ya ba kowa 'yancin addini da tunani, shi ne ke kare masallatanmu a ƙasar da muke kashi ɗaya cikin biyar.

Abin da ya hau kanmu

Limamai su koya wa jama'a bambancin mata-maza da ɗan daudu da mai aikata alfasha, don kada a zalunci marar laifi. Iyaye su kai jaririn da halittarsa ta rikice asibiti a kwanakin farko. Makarantun Islamiyya su dawo da karatun hukunce-hukunce uku da babin gado, su ƙara da tarihin Zongo, mai daɗi da marar daɗi. Matashin da ya zo da shakka a zaunar da shi a saurare shi, a rufa masa asiri, a ba shi hujja gwargwadon fahimtarsa, domin Suratun Nahli aya ta 125 ta yi umarni da hikima da kyakkyawan wa'azi da jayayya ta hanya mafi kyau. Wanda aka tambaye shi abin da ya shafi likitanci ya tura ga likita, wanda aka tambaye shi hukunci ya koma ga malamai.

Allah Ya shiryar da mu da zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.